Maɓalli Mai Koren Zare

Litinin

'Yata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina, kuma aikin asibiti bai hana ki cin abinci a kan lokaci ba. Na rubuto ne maimakon in kira ki, domin kin san kunnena a waya, maganar da zan yi kuma ba ta ihu ba ce. Direban motar safe zai kawo miki, na ja masa kunne kada ya ba kowa sai ke.

Ki zauna kafin ki ci gaba. An kama Auta. Yau kwanansa uku a hannun 'yan sanda.

Kin tuna mutumin nan da ake kira Mai Ninki, wanda ya buɗe ofis a saman bene kusa da kasuwa, yana karɓar kuɗin mutane da alkawarin zai ninka musu cikin wata uku? Wata biyu ke nan ya daina biyan kowa, kullum matakalar benen cike take da masu kuka. Ranar Alhamis da ƙarfe biyar sakatariyarsa ta dawo daga aike ta same shi a ƙasa bayan teburinsa, an buge shi a ƙeya, rai ya yi halinsa. Ba na murna da mutuwar kowa, Allah ya ji ƙansa. Amma na sha faɗa a unguwar nan, na kuma faɗa wa matar mai kanti a gaban mutane ranar da ta sayar da 'yan kunnenta ta kai masa: duk wanda ya ce zai ninka miki kuɗi kina kwance, ki riƙe jakarki da hannu biyu. Kwaɗayi ne ya kai su, ba wani abu ba.

Ga yadda ƙanenki ya shiga ciki. Watan jiya ya gyara wa mutumin na'urar sanyaya ofis. Da aka zo biyan lada, sai mutumin ya ce zai zuba masa kuɗin a cikin harkar su ninku. Auta, da bakin nan nasa da na gaji da yi masa faɗa a kai, ya tsaya a matakala yana ɗaga murya, ya ce wata rana sai wani ya fasa masa kai. Kowa ya ji. Yanzu ga shi an fasa.

Bayan wannan, wata mai sayar da lemo a tsallaken titi ta ce ta ga babur ɗinsa a ƙasan benen ranar Alhamis ɗin, daga ƙarfe uku zuwa uku da rabi. An tambaye shi me yake yi, ya ce jira yake. Jiran wa? Ya yi shiru. Har yau shiru.

Ni ma sun tambaye ni. Na ce ina gida ranar, shi kuma kafin ƙarfe huɗu yana nan, ya ci abinci, ya gyara mini fitilar kicin, bai fita ba sai da aka kira magariba. Sufeton da ke riƙe da binciken ya yi murmushi, ya ce kowace uwa haka take faɗa.

Kada ki taso ki bar marasa lafiya da yara. Tunda bai yi ba, kwana biyu za su sake shi. Watakila ma wannan ya koya masa riƙe harshe. Ki dai sa shi a addu'a.

Ki gaida kowa da kowa. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki

Laraba

Mama,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa, ya jikin, ya kuma haƙuri. Na karanta takardarki a tsaye duk da kin ce in zauna, sai da wata abokiyar aikina ta turo mini kujera.

Mama, kwana biyar fa ke nan yanzu, ba biyu ba. Ba zan iya zuba ido ba. Baban yara yana da aboki lauya a nan wajenku, mun yi magana da shi jiya, zai je ya ga Auta gobe. Na san za ki ce ɓarnar kuɗi ce, ki faɗa, na riga na ji a kunnena.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne shirun nan. Auta ne fa. Yaron da in ya saci sukari shi ke fara kawo ƙarar kansa. Bai taɓa riƙe sirri ya kwana da shi ba, har kyautar da muka haɗa za mu ba ki bara sai da ya fesa miki tun saura mako guda. Sannan jiran rabin awa cikin rana? Ni yayarsa, in na ce ya tsaya mini minti biyar a bakin tasha, sai ya cika wayata da kira. Wanene wannan da Auta zai jira haka, ya kuma gwammace ya kwana a siminti da ya faɗi sunansa?

Na ce ko budurwa ce. In ita ce, ki taimaka ki bincika a hankali, ba da irin tambayoyinki na alƙali ba. Wataƙila tsoronki ne ya sa ya yi gum.

Na ba direba leda, akwai sabulu da man shafawa da rigar sanyi, a kai masa. Maganin hawan jininki kuma kada in ji an ce kin manta.

Yara suna gaida kakarsu. Ƙaramar ta ce a gaya wa kawu Auta ya zo ya gyara mata kekenta.

Taki,
Babbar 'yarki

Juma'a

'Yata,

Assalamu alaikum. Saƙonki ya iso, leda ma ta iso, na kai. Maganata ta lauya tunda kin riga kin ji, ba sai na maimaita ba. Maganar budurwa kuma ki bar ta. Ban haifi ɗan da zai tsaya jiran mace a bakin titi ba, kuma ba kyau mutum ya riƙa zargi a kan abin da bai gani ba.

Na ga ƙanenki jiya. An ba mu minti goma a wani ɗaki mai benci ɗaya da taga can sama. Ya rame kaɗan, gemu ya fito masa. Na fara yi masa nasiha a kan harshe, ya saurara kansa a ƙasa, abin da bai saba ba. Da na gama sai ya ce, "Mama, ki koma gida, ki daina zuwa nan. Wurin bai dace da ke ba." Ko ido bai ɗaga ya kalle ni ba. Ban ji daɗin haka ba.

Sufeton ya zo gidan nan sau biyu, Laraba da yau. Mutum ne mai natsuwa, ba ya ɗaga murya, yana cire takalmi a bakin ƙofa ba sai an gaya masa ba. Wani ya yi masa tarbiyya. Na ba shi kujerar marigayi babanku, na haɗa masa shayi. Ya ce masu neman ran Mai Ninki sun fi ɗari biyu, amma yawancinsu an san inda suke ranar. Har abokin harkarsa, dogon nan da ke zama a tebur na biyu yana buga hatimi a kan rasit, ya ce ya yi tafiya tun Laraba, bai dawo ba sai Juma'a. Saura Auta kaɗai da bai da bayani.

Daga nan sai ya koma hirar da ba ta da kai. Ya yaba keken ɗinkina, ya ce irinsa mahaifiyarsa ke da shi. Ya tambaya ko ina yi wa mutanen waje ɗinki, na ce na daina tun da idona ya fara rauni. Ya tambaya wa ke gyara wa Auta kaya, na ce wa zai gyara masa in ba ni ba. Ya ɗauki gwangwanin zarena yana jujjuyawa kamar bai taɓa ganin zare ba.

Abu ɗaya ya ba ni haushi da shi. Babban mutum, mai muƙami, amma maɓallin hannun rigarsa na lilo da zare ɗaya tal, ranar Laraba haka, yau ma haka. Yana ɗaga kofi yana kaɗa mini shi a ido. Ban san me matarsa ke yi a gida ba. Na kawar da kai na ƙyale shi, ba ruwana.

Matar mai kanti ta shigo yi mini jaje, ta ƙare da kukan 'yan kunnenta. Na ce ta yi haƙuri, amma ta tuna na gaya mata. Ta ce, "Kin gaya mini, Mama, ke kam Allah ya tsare ki." Ban san dalili ba, bayan ta fita na kasa cin abinci.

Ki kula da kanki. Allah ya raya mana yara.

Mahaifiyarki

Talata

Mama,

Ina gaisuwa da girmamawa. Ki yafe mini abin da zan rubuta, na yi ta yagawa ina sakewa tun jiya.

Lauya ya turo mini hotuna biyu daga cikin takardun binciken. Na farko hannun rigar mamacin ne. Rigar fara ce mai tsada, maɓallanta duk ɗinkin kamfani da farin zare, ban da guda ɗaya. Na biyun rigar da aka kama Auta da ita ce, maɓalli na uku daga sama. Duka biyun da koren zare aka ɗinke su. Duka biyun daga rami ɗaya zaren ya fita zuwa sauran ukun.

Mama, na san wannan ɗinkin, sawun kaza ne. Shekara shida na yi ina sa farar rigar makaranta da koren zare a ƙirji, 'yan ajinmu suna ce mini mai kiwon kaji. Na yi kuka na ce ki sayi farin zare, kika ce maɓalli riƙo ake nema a wajensa ba ado ba, koren kuma shi ne mai ƙwari. Ke kika ce duk garin ba mai ɗinka maɓalli haka sai ke da kakarmu.

Sakatariyar ta shaida cewa da ta fita ƙarfe biyu da rabi maɓallin nan yana lilo, har ta ce ya kawo ta kai wa tela ya ce ba komai. Ke nan wanda ya ɗinke shi ya shiga bayan fitarta. Lauya ya ce abin da 'yan sanda ke zato shi ne, wata mace ta shiga ta ɗauke wa mutumin hankali, Auta ya hau ya buge shi. An nuna wa Auta hoton. Lauya ya ce ya daɗe yana kallo, sannan ya ce bai san ɗinkin ba. Auta, wanda ko wandonsa na aiki sawun kaza ne a kai.

Ni kuma da na sake karanta takardarki, wuri ɗaya na tsaya. Tun yaushe kika fara ganin maɓalli na lilo ki kawar da kai? Ke da kika tsayar da baban yara a bakin ƙofa ranar da ya fara zuwa gaishe ki, kika ɗinke masa wuyan riga kafin ki amsa gaisuwarsa?

Ban ce kin yi komai ba, wallahi ban ce ba. Ban kuma gaya wa lauya abin da na gani ba. Amma ranar Litinin za su kai Auta kotu da laifin kisa. In an kai shi, lauya ya ce fitowa sai an shekara, in ma an fito.

Ke kika koya mana cewa in mutum ya yi ƙarya ɗaya sai ya yi mata hidima har ya mutu. Ina jiran amsarki, Mama.

'Yarki mai ƙaunarki

Alhamis

'Yata,

Assalamu alaikum. Na karanta. Ba ki yi rashin kunya ba, kada ki damu da wannan.

Ni ce wadda Auta yake jira.

Zan gaya miki daga farko, ki karanta har ƙarshe kafin ki yanke mini hukunci. Wata biyar da suka wuce na ɗauki kuɗin sallamar babanku, wanda na ce muku yana banki ba mai taɓa shi, na kai wa Mai Ninki. Duka. Na ga Auta yana yawo da jakar kayan aiki gida gida, rana da ruwa, na ce in ya ninku in kama masa shago nasa na kansa. Na je da sassafe, na rufe fuskata da mayafi. Makon da na kai nawa, a makon ne na tsaya a gaban mutane na wanke matar mai kanti tas. Ina jin da kaina nake, ita ce dai ta tsaya a gabana.

Da ya daina biya, na yi ta zuwa a ɓoye ba na samunsa. Ranar Alhamis ɗin na ce wa Auta ya kai ni kantin maganin da ke ƙasan benen in sayi maganin ido, ya jira ni a waje. Na shiga ta ƙofar kantin na fita ta baya, na hau matakala. Na same shi shi kaɗai, sanyin na'urar da ɗana ya gyara ba a biya shi ba yana kaɗa masa takardu.

Ya miƙe da fara'a. "Mama! Ke da kanki? Ai da kin aiko."

Na ce, "Zauna. Kuɗin marayu na zo karɓa."

Ya ce, "Mama, ke uwata ce. In na cuci duniya ba zan cuce ki ba. Mako biyu kawai, kaya ne suka maƙale a hanya."

Na ce, "Uwarka tana da rai?" Ya ce tana nan. Na ce, "Ta san abin da kake ci?"

Na yi masa faɗa kamar yadda zan yi wa Auta, na gaya masa lahira, na gaya masa hawayen da ke matakalarsa. Yana ta rantsuwa yana ɗaga hannu, maɓallin nan yana lilo, yana lilo. Na yi ƙoƙarin in kalli fuskarsa, idona ya ƙi. Kin san allura ba ta barin jakata.

Na ce, "Rufe mini baki. Miƙo hannun nan."

Ya ce, "Haba Mama, ki bari, tela zai yi."

Na ce, "Telan ma ka biya shi?"

Ya yi dariya, ya miƙo. Ina ɗinki ina faɗa, shi kuma yana miƙe da hannu kamar yaro. Da na ciji zaren ya ce rabon da wani ya yi masa haka tun yana firamare. Ki duba wautar uwarki. Mutumin da ya cinye gumin babanku na shekara talatin, ban fito da ko sisi ba, na bar shi da maɓalli mai ƙwari.

Ƙarfe uku da rabi na fito, na duba agogon bangonsa. Yana raye, yana ce mini a sauka lafiya. A tsakiyar matakala na yi kiciɓis da dogon nan mai hatimi, wanda ya ce wai ya yi tafiya. Yana hawa, ni ina sauka. Na san shi sarai, shi ya buga wa rasit ɗina hatimi. Ya juya fuskarsa bango, bai gaishe ni ba, har na ce a raina wannan ba shi da tarbiyya.

Na manta ban bi ta kantin ba, na fito ta ƙofar bene kai tsaye. Auta yana kan babur yana kallona. Sai da muka yi nisa ya ce, "Mama, an samu maganin?" Na ce ya ƙare. Ya ce to. Daga nan har magariba yana gabana.

Na gaya wa kaina ba shi da laifi, don haka za su sake shi ba sai na buɗe baki ba. Kullum na ce gobe. Gaskiyar ita ce na ji kunyar unguwa, na ji kunyarku, na ji kunyar matar mai kanti. Na bar ɗana kwana goma sha uku a kan siminti don kada a ce Mama ma ta kai. Shi kuma ya rufe bakin nan nasa da na ce ba ya rufuwa, domin ni. Ban san ko yana zaton ni na buge mutumin ba ne, ko mutuncina kawai yake karewa. Ko wanne ne, ya fi ni.

Gobe da safe zan je wajen Sufeto. Na ciro rasit ɗin daga ƙarƙashin keken ɗinki. Na san na yi musu ƙarya, kuma ni ce ta ƙarshe da aka san ta ga mutumin da rai, don haka mai yiwuwa su riƙe ni. Na haɗa 'yar jaka da maganina. Makullin gida yana wajen maƙwabciya ta dama. In kin ji shiru, ki zo.

Ki roƙa mini gafara wajen maigidanki, kuɗin lauya ba ɓarna ba ne.

Mahaifiyarki

Lahadi

'Yata,

Assalamu alaikum. Ina gida.

Na shiga ofishin Sufeto da jawabin da na shirya tun daga hanya, da na zauna duk ya gudu. Sai ga maɓallin nan, har yanzu yana lilo. Na buɗe jaka na ce, "Miƙo hannun nan." Ya miƙo. Da na gama ya daɗe yana kallon sawun kaza, sannan ya ce, "Mama, kwana goma ina hana matata taɓa shi, har ta daina yi mini magana." Ya sa aka kawo takarda da biro, da kujera mai kyau.

Awa huɗu na yi ina bayani. Ya yi mini faɗa a kan ƙaryar da na yi, na saurara, ya yi daidai. Jiya sun ɗauko dogon, an samu wanda ya gan shi a gari ranar Alhamis. Zan tsaya shaida a kotu, a gaban kowa.

Auta yana ɗakinsa yana barci tun jiya da la'asar. Da ya shigo na fara ba shi haƙuri, ya ce, "Mama, akwai abinci?" Ki gaya wa ƙaramar kawunta zai zo gyaran keke.

Unguwa duk ta ji. Matar mai kanti ta aiko a tambaya ko ina gida, tana son ta shigo. Na ce a gaya mata ta yi zamanta, ni zan je.

Mahaifiyarki